Yadda ake yi wa Windows da Ubuntu facin tsaro har ya kama

Da yawa daga cikin masu kula da kwamfutocin makarantu da shagunan rajistar JAMB a Katsina suna sauke facin tsaro, wato gyaran da kamfanin manhaja ke fitarwa don toshe kafar kutse, amma sai su tsaya a rabin hanya, kuma a nan ne ɓarakar da masu kutse ke bi take zama a buɗe.

Da farko a duba ko kamfanin da ya yi manhajar yana fitar mata da faci har yanzu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, yayin da Ubuntu (manhajar Linux da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows) mai alamar LTS, wato mai dogon tallafi, ke samun tallafin shekara 5. Kwamfutar da wa'adinta ya wuce, sauya mata manhaja ne maganinta. Bayan haka a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje, a cire shi daga jikin na'urar.

Microsoft yana fitar da facinsa ranar Talata ta biyu a kowane wata. A ganina, a fara ɗora shi a kan kwamfuta ɗaya da ba a dogara da ita ba, a bar ta kwana biyu ana aiki da firinta da sauran manhajoji, sannan a bi sauran. Jinkirin kada ya kai wata guda: facin da ya toshe hanyar WannaCry, muguwar manhajar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ya fito a watan Maris na 2017, harin kuma ya zo a watan Mayu, ya cinye waɗanda suka yi sakaci. A saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) mai Ubuntu, umarnin da ake bugawa shi ne sudo apt update, sannan sudo apt upgrade. Data kan tafi da yawa, saboda haka mai kwamfutoci da dama ya kunna tsarin Windows da ke barin su karɓi faci daga junansu a cikin ofis.

Inda ake faɗuwa shi ne sake kunnawa. Facin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da aka sauke bai fara aiki ba muddin tsohon kanel yana gudana, kuma na sha ganin saba da mai ita ke alfahari cewa ta yi watanni ba a kashe ta ba, alhali duk facin kanel da ya sauke yana kwance kamar maganin da aka saya aka ajiye a aljihu. A Ubuntu, idan fayil ɗin /var/run/reboot-required yana nan, to na'urar tana jiran a sake kunna ta. A Windows a danna Restart, domin Shut down kan adana tsohon kanel idan tsarin saurin farawa (Fast Startup) yana kunne. Kada a fara wannan mataki sai an tabbatar inbata ta cika ko janareto yana da mai, domin ɗauke wuta a tsakiyar ɗora faci na iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya. Ni dai ba na taɓa saba sai bayan sallar Isha'i, lokacin da babu mai amfani da ita.

Idan ta tashi, a Ubuntu a buga uname -r a ga ko lambar kanel ta canja, a Windows kuma a duba tarihin sabuntawa. Facin da ya ɓata wani abu a Windows ana iya cire shi daga tarihin sabuntawar. Burauza da rawuta (na'urar rarraba intanet) su ma suna da nasu facin daban.