Kurakuran da ake yi wajen haɗa gadar dayod, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya zauna a rumfar masu gyaran rediyo da caja a kasuwar Wunti ya san ƙaurin kafasita idan ta fashe. Sau da yawa ba kayan ba ne marasa kyau, lissafi ne ba a yi ba.

Babban kuskuren shi ne a ɗauka cewa lambar da ke jikin taransifoma ita ce za ta fito bayan gadar, wato dayod huɗun da ake haɗawa don mayar da wutar AC mai kai-komo zuwa DC mai bin gefe ɗaya. Idan an rubuta 12V, wannan ma'aunin wutar AC ne, ƙololuwarta kuwa sai an ninka da 1.414, wato kusan 17V. Dayod biyu ke aiki a kowane rabin zagaye, kowanne yana cin kusan 0.7V, saboda haka kafasita za ta riƙe wajen 15.6V. Idan babu lodi, ko janareta ya ɗaga wuta, sai ta haura haka. Yaron shago ya ɗauko kafasita mai 16V yana cewa ai 12 ce, ba a jima ba kanta ya kumbura. Sa mai 25V, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ka kuma duba ƙafar da ke da alamar ragi kafin ka ɗiga dalma, domin idan ka juya ta fashewa za ta yi.

Girman kafasitar ma ana raina shi. Wutarmu 50Hz ce, gada kuma tana mayar da ita bugu 100 a daƙiƙa. Idan kana jan amfiya 1 kuma ba ka son wutar ta riƙa faɗuwa fiye da 1V tsakanin bugu da bugu, 10,000µF kake buƙata. Mai 1,000µF da ake yawan sawa ita ce ke jawo gurnanin da ake ji a lasifika. Haka 7812, wato na'urar da ke daidaita wuta ta tsaya a 12V: tana son aƙalla 14V a bakin shiga, don haka taransifoma mai 12V ba ta bar mata sarari ba. Nemi mai 15V.

Sai zafi, wanda ni a ganina shi ya fi kashe cajar batir a garin nan. Dayod mai lamba 1N4007 amfiya 1 kawai take ɗauka, 1N5408 kuma 3. Haɗaɗɗiyar gada mai lamba KBPC3510 tana da amfiya 35 a rubuce, amma sai an ɗaure ta da kusa a kan farantin alminiyam. A amfiya 10 tana fitar da zafin kusan wat 20. Ka rufe ta a akwatin roba cikin watan Afrilu a Bauchi, ba za ta daɗe ba.

Idan kana haɗa gadar da kanka, ƙafafu biyu masu zobe su haɗu su ba da waya mai alamar tarawa (+), biyu marasa zobe su ba da ta ragi. Gwada kowane dayod da mita tukuna: 0.5V zuwa 0.7V ta gefe ɗaya, babu komai ta ɗayan.

Kada ka manta da sa fis a gefen shigar wuta, don dayod idan ya ƙone yakan haɗe ne, ya tafi da taransifoma. A allon da ke ɗaukar 230V kai tsaye kuma, babbar kafasita tana riƙe kusan 325V ko bayan an cire filogi. Sauke ta ta cikin rizisto, ka auna da mita, sannan ka sa hannu.