Yadda Za Ka Kaɗa Ƙuri'ar Da Za A Ƙirga

A ranar 28 ga Maris, 2015, jama'a sun cika rumfunan zaɓe tun da sanyin safiya, kuma kwana uku bayan haka Shugaba Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ta waya ya amince da shan kaye, karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Nijeriya. Duk wanda ya dangwala yatsa a ranar, ko ma wa ya zaɓa, yana da ikon cewa da shi aka yi. Sai dai a zaɓen nan an soke ƙuri'u fiye da 800,000, wato masu su sun sha rana a layi amma ba su shiga lissafi ba, kuma kaucewa irin wannan asara abu ne da ake koyo.

Shirin yana farawa ne tun kafin ranar zaɓe. Ka karɓi katin zaɓenka na dindindin daga hukumar INEC, ka kuma tabbatar da rumfar da sunanka yake, domin an ƙara yawan rumfuna zuwa 176,846 kafin zaɓen 2023, aka sauya wa mutane da yawa wuri. Ka san alamar jam'iyyar da kake so sosai, saboda takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, alamomin jam'iyyu ne jere a kanta.

Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wanda yake kan layi kafin 2:30 na rana sai ya yi zaɓe. Malamin zaɓe zai tantance ka da na'urar BVAS ta hanyar yatsa ko fuska, sannan ya miƙa maka takarda. Ka juya bayanta ka ga hatimi da sa hannu kafin ka matsa.

A wurin dangwalawa ne akasarin ɓarna take faruwa, don haka a nan ya kamata ka natsu. Kada ka cika tawada a yatsa, kuma ka dangwala a cikin akwati ɗaya tak ba tare da ka taɓa layin na kusa da shi ba. Ka ɗan dakata tawadar ta sha iska, sannan ka naɗe takardar a tsaye, domin idan ka ninke ta sama da ƙasa tawadar za ta iya shafar gurbin wata jam'iyya. An hana shiga wurin da waya, kuma a ganina dokar gata ce gare ka, domin mai sayen ƙuri'a hoto yake nema a matsayin shaida.

Idan akwai tsohuwa a gidanku, ka raka ta, tunda ana ba tsofaffi da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman fifiko a layi. Matan Arewa ba su sami 'yancin zaɓe ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, saboda haka wata kakar ta girma a lokacin da ba a tambayar ra'ayinta, kuma hirar da za ku yi a hanya ta fi kowane gangami ilimantarwa.

Bayan ka jefa, kada ka yi gaggawar tafiya. Kalmar nan ta "a kasa, a tsare, a raka" ta samo asali ne daga ɗacin zaɓukan da aka murɗe, kuma mutanen da suka ga an soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993 sun san dalilinta. Ka koma gefe cikin lumana, ka saurari ƙirgar da ake yi a bainar jama'a, ka ga an cika takardar sakamako ta EC8A wakilan jam'iyyu sun sa hannu, sannan ka rubuta alƙaluman rumfarku a takarda domin ka gwada su da abin da aka ɗora a IReV, shafin intanet na hukumar INEC na nuna sakamakon rumfuna.