Gyaran jitar lantarki a Zariya da dawo mata da murya garau

Da zarar hunturu ya kama a Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, masu kaɗa jita a coci-cocin Wusasa da Sabon Gari da ɗalibai a Samaru sukan fara kuka iri ɗaya, wato murya ta dusashe, tsirkiya tana ƙarar karkarwa, bolum kuma yana ƙarƙara idan an murɗa shi. Mafi yawansu sukan ɗora laifin a kan fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, su shiga tara kuɗin sabo. A ganina wannan gaggawa ce, domin sau tari ciwon yana wurin da gyaransa bai kai rabin wannan kuɗin ba.

A fara da tsirkiya. Gumin hannu da ƙura suna cika tsakanin naɗin ƙarfenta, kuma kaifin murya shi ne abin da ke fara mutuwa. A cire tsofaffin, a goge allon wuya da tsumma mai laushi, a ɗaura sababbi masu lambar kauri 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46, sannan a ja kowace a hankali har ta daina sauka.

Wuyan jita itace ne, kuma busasshiyar iska tana sa shi ya tsuke, shi ya sa bakin ƙarafan da ke jere a kansa ke fitowa suna kartar tafin hannu. Haka nan wuyan yana iya lanƙwasa. Don a auna, a danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, a duba ratar da ke tsakaninta da ƙarfe na 8. Abin da ake nema bai wuce milimita 0.25 ba, kuma wanda ba shi da ma'auni sai ya yanko guntun tsirkiya mai lamba 10, domin kaurinta ke nan kusan daidai. Idan guntun ya shige yana lilo, ratar ta yi yawa, sai a sa alanki, wato ƙaramin ƙarfen murɗa kusa mai kusurwa shida, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan zuwa dama. Idan kuma ya ƙi shiga, a sassauta zuwa hagu. Ina roƙon mai karatu kada ya wuce kwatan zagaye a lokaci guda, ya sake saita tsirkiya, ya bar itacen ya zauna kafin ya ƙara, kuma idan sandar ta cije kada a tilasta mata, domin karyewarta asara ce babba.

Bayan wuya sai jaki, inda tsirkiyoyi ke zaune. A daidaita tsayinsu ya zama kamar milimita 1.6 a saman ƙarfe na 12. Daga nan a gwada sautin da aka danne a wannan ƙarfe da na tsirkiya a sake. Idan wanda aka danne ya haura, a ja sirdin, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke kwance a kansa, baya nesa da wuya, idan ya gaza a turo shi gaba.

Ƙarƙarar bolum yawanci ƙura ce, kuma feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran rediyo ke amfani da shi yana kawar da ita idan an fesa kaɗan aka murɗa sau da yawa. Soket ɗin da waya ke shiga yakan sassauce, amma kada a ɗaure shi daga waje ba tare da an riƙe cikinsa ba, saboda juyawarsa tana tsinke wayar da aka like da dalma. Gurnanin da ake ji kuwa na wutar lantarki ne mai juyi 50 a daƙiƙa, kuma yakan ƙaru kusa da janareta ko cajar waya. Idan taɓa tsirkiya bai rage shi ba, a duba wayar da ke haɗa jaki da bayan bolum.

Yanzu sai neman muryar. Fikof mai naɗi ɗaya, irin guda uku da kamfanin Fender ya sa wa Stratocaster tun 1954, shi ne mai kaifi, irin muryar nan da ke ratsa ganguna a kiɗan jitar Agadas. Mai naɗi biyu, wanda Gibson ya fara sa wa Les Paul a 1957, yana kashe gurnani amma muryarsa ta fi kauri. Wanda jitarsa ke da irin wannan ya duba lambar da ke bayan bolum. Idan 250k ce, ya sa a canza masa da 500k, zai ji saman muryar ya buɗe. Tsayin fikof ma yana da tasiri ƙwarai, domin idan ya matso tsirkiya da yawa maganaɗisun yana riƙe ta, sauti ya gajarce. A danne ƙarfe na ƙarshe a bar ratar milimita 2 zuwa 2.5 tsakanin fikof da tsirkiya, sannan a ci gaba da sauke shi ko ɗaga shi da rabin zagayen sukundireba ana saurare.

Doguwar waya tana shanye kaifi, don haka mita 3 zuwa 5 ta wadatar. Ƙaramin kafasita da ake likewa tsakanin ƙafafu biyu na bolum yana hana muryar dusashewa idan an rage ƙara, kuma duk mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai iya wannan aiki cikin 'yan mintoci.

A jita mai makunni hawa biyar, hawa na 2 da na 4 suna haɗa fikof biyu, su ba da murya siririya mai daɗin rakiyar waƙa. Na kusa da wuya ya dace da kiɗa mai sanyi, na kusa da jaki kuma ya dace da lokacin da ake son jita ta fito gaba. A amfilifaya a fara da komai a tsakiya, a rage kauri kafin a ƙara kaifi, sannan a koma ƙarshen ɗakin a saurara yayin da wani ke kaɗawa, domin abin da ke jin daɗi a gaban lasifika yakan sauya idan ɗakin ya cika da jama'a.