Yadda Ake Samun Polifenol a Abinci Don Kare Ƙwaƙwalwa Daga Cutar Mantuwa

Polifenol sinadarai ne da tsiro ke yi don kare kansa daga zafin rana da ƙwari. Su ne jan da ke jikin zoɓo, su ne baurin da ake ji a goro da shayi. A ɗakin gwaji an ga suna kwantar da kumburi a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma wanda ke cikin koren shayi yana hana furotin amiloid dunƙulewa, irin dunƙulen da ake tararwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer, wato wani nau'in cutar mantuwa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Rush da ke Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar tsofaffi 921: waɗanda suka fi cin wani rukuni na polifenol daga ganye, wake da shayi, haɗarin kamuwarsu da cutar ya yi ƙasa da kashi 48 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin cinsa. Sai dai kaɗan ne daga polifenol ɗin da aka ci ke tsallake hanji da hanta ya kai ƙwaƙwalwa, kuma ba ya daɗewa a jini. Shi ya sa ake so a ci kullum, kuma kada a kashe shi tun a tukunya.

A fara da zoɓo, don a nan aka fi yin ɓarna. A ɗauraye busasshen zoɓo cikin tafin hannu biyu, a tafasa ruwa lita ɗaya da citta da kanumfari, a sauke, sannan a zuba zoɓon a rufe minti 15 zuwa 20 kafin a tace. Doguwar tafasa tana lalata sinadarin jan. Kanwa ta fi haka illa: ana jefa ta don kashe tsami, sai a ga launin ya koma baƙi-baƙi, wato sinadarin ya fara rushewa, domin a cikin tsami yake iya zama. Idan tsamin ya yi yawa a ƙara ruwa. Mai shan maganin hawan jini ya shaida wa likitansa, saboda zoɓo ma yana saukar da jini.

Koren shayi ba ya son tafasa. Bayan ruwa ya tafasa a bar shi ya huce minti biyar, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na ganye a kofi, a jira minti uku. Kofi biyu zuwa uku a rana ya isa. A bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci, musamman mai ciki da mai ƙarancin jini, domin baurinsa yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe. A kuma rage sukari sosai, tunda ciwon suga da kansa yana ƙara haɗarin mantuwa.

Jar dawa ta fi fara polifenol, kuma a dusa yake taruwa, don haka kada a matsa mata surfe. Jar albasa a ɓare busasshen ɓawon kawai, saboda a layukan waje sinadarin ya fi yawa. Kurkum kuwa a sa shi a miya mai mai tare da ɗan masoro, sinadarinsa ya fi shiga jiki idan an haɗa su.

Ƙwayoyin polifenol da ake tallatawa a guje su sai da shawarar likita. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa miligiram 800 ko fiye a rana na sinadarin koren shayi da aka tace aka sa a ƙwaya yana da alaƙa da alamun rauni a hanta.