Yadda ake auna man da ya rage a tankin kumbo a sararin samaniya

Direban tanka da ke ɗauko mai daga Ngaundere zuwa Injamena yakan zura sanda a tanki, ya duba inda ta jiƙe. A sararin samaniya sanda ba ta da amfani, don mai ba ya kwanciya a gindin tanki. Bango yake bi ya manne, iska kuma ta dunƙule a tsakiya.

Da farko ka riƙe littafin lissafi. Duk lokacin da aka kunna inji, rubuta daƙiƙun da ya yi, ka ninka da abin da yake sha a daƙiƙa guda, ka debe daga abin da aka zuba tun a ƙasa. Illarsa ita ce ƙananan kurakurai suna taruwa shekara da shekaru.

Sai ka gwada lissafin da matsin iskar hiliyam da ke tura man. A ce tankin lita 100 ne, an tashi da haidirazin, wato man kumbon, lita 75, hiliyam lita 25 a matsin bar 24 (bar ma'aunin matsi ne). In matsin ya sauka zuwa 12 kuma zafin bai canja ba, hiliyam ya cike lita 50, saura mai lita 50 ke nan. Ka karanta zafin tare da matsin, a ma'aunin zafi na Kelbin da masana kimiyya ke amfani da shi, domin rana na dukan tanki matsi zai hau, ka ɗauka mai ne. Abin lura a nan: kuskuren bar 0.1 a farkon tafiya yana jawo kuskuren kimanin lita 0.1 ne kawai, amma a bar 7 ya zarce lita guda, alhali man da ya rage bai kai lita 15 ba.

Saboda haka in tanki ya kusa ƙarewa, a koma wa zafi. Kunna hitar da ke manne da tankin, ka ga saurin ɗumamarsa, kamar yadda butar shayi mai ɗan ruwa ke rigan cikakkiya tafasa. Hita mai wat 20 a awa guda tana ƙara wa kilo 10 na haidirazin digiri biyu da ɗoriya, kilo 50 kuwa ko rabin digiri ba ya samu. Dole a cire zafin da bangon tanki ya sha da wanda ya zurare ta bututu, in ba haka ba lissafi zai nuna man da babu shi.

A tauraron sadarwa da ke nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, kada a taɓa kason ƙarshe na man. Da shi za a ƙara ɗaga tauraron kimanin kilomita 300, ya bar wa wani tauraron wurin.