Kurakuran da muke yi wajen dashen itace da garka a gidajenmu na Damagaram

Duk shekara in 3 ga Agusta ta zagayo, ranar da muka samu 'yancin kai a Nijar a 1960 kuma ranar dashen itace, za ka ga an fito da 'yan itatuwa cikin leda, 'yan fada (majalisar samarin unguwa) da 'yan lakwal kowa da nashi, a dasa a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp, amma ka biyo ta wurin a watan Afrilu sai ka tarar da ramin kaɗai. Abin yana ci min rai wallahi, don niyyar mai kyau ce, aikin ne ba a ƙarasawa. Kuma yawancin kurakuran nan tushensu ɗaya ne, muna shuka kamar ruwa a banza muke samunshi.

Garin nan kan dutse yake zaune, ga duwatsun Birni nan kowa na gani, ƙarƙashin ƙasar ma haka take, shi yasa haƙa rijiya a cikin gari ke da wuya. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, Arunguza, Ganaram. Damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba ne, abin da ke sauka bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba. Har cikin dalilan da ake faɗa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926 akwai zancen ruwa. To mutumin da robine ɗinshi sai tsakar dare yake kawowa, ko yake sayen bido wajen 'yan ga-ruwa, shi ne zai je ya ɗauko mangwaro biyar da ayaba don ya gani a Miriya? Miriya da Gidimuni ruwansu na kusa, ba ɗaya muke ba. Kafin ka sayi komi a pepiniyar, wato inda ake renon 'yan itatuwa, ka zauna ka yi lissafin bido nawa za ka iya ba shuka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, ba a watan Agusta ba. In bido guda ne a rana to itace biyu ko uku sun ishe ka, gara biyu rayayyu da goma matattu. Kuma ka fara da waɗanda suka san wahalar nan, zogale, magarya, kurna, aduwa, bedi, lemun tsami in kana da ɗan hali.

Sai ramin kanshi. Mutane da yawa ɗan tono suke yi daidai girman ledar su tura su rufe, wani ma da ledar yake binnewa gaba ɗaya, saiwa ta yi ta nannaɗewa a ciki har itacen ya tsaya cak shekara biyu bai ƙaru ba. A tsaga ledar da reza a cire ta ba tare da an farfasa ƙasar ba. Rami ya kai wajen santimita 50 zuwa 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki a mayar. Amma takin nan fa ruɓaɓɓe, wanda ya kwana biyu ya yi baƙi ya daina wari. Kashin awaki ko na kaji ɗanye ƙone saiwa yake yi kuma yana kiran gara. In gara ta dame ka zuba toka a gindi, ita dai ba ta rasuwa a gidajenmu. Kuma kar a cika ramin ya yi tudu, a bar ɗan kwari zagaye da gindin don ruwa ya tsaya.

Ban ruwa shi ne inda aka fi asara. Yaro ya fito da tsakar rana ya watsa rabin bokiti a sama, kafin ya shiga ɗaki rana ta shanye, saiwa ba ta ga komi ba. Ruwa kaɗan-kaɗan kullum a fuskar ƙasa yana sa saiwa ta zauna a sama, ranar da aka ɗauke pompo kwana uku sai itacen ya kwanta. Abin da ya fi shi ne a ba shi da yawa ya ratsa ƙasa, da yamma ko da sassafe, sannan a bar shi kwana biyu ko uku. Wanda ke son ya rage wahala ya nemi tsohon tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ba, ya binne shi kusa da gindin har wuya, ya riƙa cika shi yana rufe bakin, ruwan zai dinga tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take. In babu tulu, bido ko galan da aka huda gindinshi da allura ma yana yi. A rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, amma kar ta taɓa jikin itacen saboda gara. Sannan ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na wankin gero, duk wannan muna zubarwa a titi yana zama caɓi a ƙofar maƙwabci, alhali shi kaɗai ya isa ya riƙe zogale biyu. Ruwan omo da na jabel ne dai kar a kai wa kayan miya.

Na san wani zai ce shi dabbobi ne suka gama da itacenshi. Gaskiya ne, amma akuyar unguwa ba ta yi laifi ba, an dasa mata abinci ne a hanya. Ranar dashe ita ce ranar shinge, ba gobe ba. Ƙaya, tsofaffin bulo da aka jera da 'yan ƙofofi don iska, tsohon tano da aka fasa gindinshi, duk suna yi. Kuma in a ƙofar gida ne ko bakin titi, a yi magana da maƙwabci da mai unguwa tukuna. Itacen da aka yi shawara kafin a dasa shi, in ka yi tafiya matar maƙwabcinka za ta sa yara su zuba masa ruwa, wanda ka dasa da gadara kuwa ranar da reshenshi ya leƙa gidan wani gatari ne zai raba ku. Dashen fada ma haka, in ba a ce wane kai ne mai wannan, wane kai ne mai wancan ba, kowa zai ɗauka wani ya ba shi ruwa.

Akwai wani kuskure da ya shafi tsofaffin unguwanni musamman, Birni da Zango. Gidajen ƙasa ne, wasu da zane a fuskarsu wanda magina na da suka yi da hannu, yau masu iya shi sun yi ƙaranci. Sai ka ga an dasa bedi jingine da bango ana ta kwarara masa ruwa, gindin ginin ya jiƙe ya fara zubewa, bayan 'yan shekaru kuma saiwa ta ɗaga shi ta tsaga, ta shiga masai. Garun da Sarki Tanimu ya zagaye Birni da shi ma dubi ɗan abin da ya rage, ginin ƙasa ba ya son ruwa a ƙafarshi. Bedi ko mangwaro a ba su mita 4 zuwa 5 daga bango. In tsakar gidan ƙarama ce a tsaya ga zogale ko lalle. Kuma don Allah in ka sayi parsel a sabbin unguwannin bayan gari ka tarar da tsohuwar kuka, ko gawo ko tsamiya, kar ka fara da sarewa. Ka tambayi tsofaffin wurin, sau da yawa itacen nan shi ne iyakar gonar wani ko inda ayari ke sauka, kuma su kaɗai suka sani. Ka ce baba wannan kukar tun yaushe take nan, za ka ji labarin da ba ya cikin littafi. Manoman Magarya, Matamai da Miriya da suka bar gawo ya sake tsirowa a gonakinsu har duniya ta san da su, ba dashe suka yi ba, kyale na Allah suka yi suna sassabe shi.

Masu garka a gida kuma lokaci ne ke kayar da su. Salati, shu (kabeji), karoti da tumatir kayan sanyi ne, a shuka daga Oktoba zuwa Nuwamba a ci cikin hunturu. Wanda ya bari sai Fabrairu, salatin zai yi tsiri ya yi ɗaci, tumatir ya zubar da fure. In zafi ya shigo da kuma damina a koma kuɓewa, yakuwa, lalo, alayyafo. Karoti ba a dasa shi, inda aka shuka nan zai zauna, sai dai a rage in ya yi cinkoso. Tumatir kuwa in ya yi sati uku zuwa huɗu a dasa shi da yamma. Zogale a daina barinshi yana tafiya sama sai da tsani, in ya kai ƙugu ko ƙirji a datse kan, zai yi rassa ganye ya yi yawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne maganin ƙwari. Piya-piya da magungunan da ake saidawa a kwalabe babu takarda, mutum ya fesa wa salati yau gobe ya tsinka ya ba yaranshi. Wannan guba ce 'yan uwa. Ga 'ya'yan bedi nan zube a kowane titi, a tara a shanya, a daka kamar cikin hannu biyu a jiƙa cikin ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle a ɗan sa sabulun solo kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen inda ƙwarin ke ɓuya. Ba ya kashewa nan take kamar na kwalba, sai an maimaita duk sati, kuma ko shi ɗin a wanke ganyen sosai kafin a kai tukunya.