Yadda ake hayar mota don hutu a bakin tekun Kiribi, a kudancin Kamaru

'Yan uwa daga Garwa da Marwa sun yi ta tambayata, to ga matakan.

1. Hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde. A can za ka ɗauki motar.
2. Riƙe lasisin tuƙinka da katin shaida.
3. Tambayi kuɗin kwana ɗaya, da direba ko babu. In ba ka san hanyoyin kudu ba, ɗauki direba, ya fi kwanciyar hankali.
4. Duba takardun motar, musamman inshora. Jandarmomi kan tambaya a hanya.
5. Zagaya motar da wayarka, ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane da ma'aunin mai.

Hattara: nan ake yawan cuta. Ƙwarzanen da ba ka nuna ba tun farko, daga kuɗin ajiyar da ka bar wa masu motar za a cire.

6. Karɓi rasit kafin makulli.
7. Tanadi canjin sefa 500 don shingen biyan kuɗin hanya.
8. Bi ta garin Edeya, ka isa Kiribi kafin magariba.
9. A magangarar ruwan Lobe da ke kusa da Kiribi, kar ka shiga yashi da motar, za ta kafe.
10. Wanke ta kafin ka mayar.